Ranar da Na Gurfanar da Buhun Baffa Isiyaku

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da waɗanda bai kamata in manta ba, amma ranar da na gurfanar da buhun shinkafar Baffa Isiyaku a gaban kotuna ba za ta taɓa bin sahunsu ba. Har yau in ina zaune ni kaɗai abin ya faɗo mini, sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi, in kama tarin ƙarya don kada wani ya tambaye ni me nake tunani.

Bari in fara da yadda aka yi har na mallaki kotu. Tun ina sakandare burina in zama lauya. Jarrabawar shiga jami'a ce ta nuna ba ta san da wannan zance ba, sau uku muna karawa da ita tana kayar da ni. Da Kawu Sale, ƙanin mahaifiyata, ya gaji da ganina a bakin masallaci ina warware wa mutane dokokin ƙasa ba wanda ya tambaye ni, sai ya kama hannuna ya kai ni wani injin casar shinkafa a Tudun Wada, ya ce da mai injin, "Alhaji, ga shi nan. Yana da ƙarfi, surutu ne kawai ya yi masa yawa." Alhaji ya dube ni sama da ƙasa ya ce surutu ba matsala ba ne a wurinsu, ko na yi ba mai ji.

Aikin da aka ba ni shi ne ɗinkin buhu. In casasshiyar shinkafa ta cika buhu, sai in jawo shi gefe, in kama kunnuwansa biyu, in soka basilla, in ja zare, in soka, in ja, in ƙulle, in tura shi jikin bango. Kafin in miƙe bayana wani ya cika. Shi ke nan aikin, ba gaba ba baya, tun hantsi har la'asar sakaliya. Ga ƙarar inji kamar za ta tsaga kai, ga ƙurar ɓuntu. Kowa a wurin yana cusa auduga a kunne, ya ɗaure kai da hanci da ƙyalle, magana kuma sai da hannu. Ɗan'azumi, direban injin, dattijo ne da ya shekara ashirin a cikin wannan ƙara, yana iya ba ka labarin rikicin gidansu kaf da yatsu da gira.

Mako biyu da fara aiki na soma jin kaina yana zama fanko. Wata rana na koma gida, mahaifiyata ta tambaye ni ko zan ci tuwo, na amsa mata da babban yatsa. Ta daɗe tana kallona kafin ta ce, "Kai kuma yaushe ka kurumce?" A ranar na tsorata da gaske. Na ce in ban samo wa wannan kai abin yi ba, nan da shekara ɗaya ba za a iya bambanta ni da buhunan ba.

Na gwada tilawa, ƙara tana sa ni tsallake aya, na ji tsoron ɗaukar alhaki na bari. Na gwada jero jihohi da manyan biranensu, cikin kwana biyu suka ƙare mini. Sai wata safiya idona ya faɗa kan rubutun da ke jikin buhun da nake ɗinki. Kowane buhu ai da sunan mai shi a jiki, don kada kaya su cakuɗe. Wannan an rubuta masa Hajiya Tabawa, wata mai turara shinkafa da ba ta taɓa shigowa ba tare da ta yi faɗa da wani ba. Ban san lokacin da na ce a raina, "Hajiya Tabawa, ana tuhumarki da tayar da hankalin jama'a. Kin amsa laifinki ko ba ki amsa ba?" Sai kuma na ji Hajiya Tabawa ta amsa mini, da muryarta, da harararta, da komai.

Daga ranar kotu ta buɗe. Ni ne alƙali, ni ne mai gabatar da ƙara, ni ne lauya, ni ne wanda ake tuhuma (kun ga ashe jarrabawa ƙaramin matsayi ta hana ni). Duk buhun da ya zo gabana sai ya amsa tambaya. Na hukunta wani dillali bisa laifin rantsuwa goma kafin karin kumallo. Na hukunta Alhaji mai injin kansa bisa laifin cewa "gobe za a gyara" game da fankar da ta mutu tun kafin a haife ni. Shari'a takan ɗauki tsawon ɗinkin buhu ɗaya, ƙullin ƙarshe shi ne hukunci, babu ɗaukaka ƙara. Abin mamaki, aikina sai ya ƙara kyau. Yini ya daina yi mini tsawo, hannuna ya yi sauri, ɗinkina ya miƙe sambal.

Da farko a zuci nake yi. Daga baya na koma raɗa. Da na tabbatar ko ihu na yi ba mai ji, sai na saki murya gaba ɗaya, har da buga buhu da tafin hannu in kotu ta rikice. Ɗan'azumi yana hango ƙyallen bakina yana motsi yini guda, sai ya ɗauka zikiri nake yi. Ya bi gari yana gaya wa mutane cewa bai taɓa ganin matashi mai ibada irina ba. Na ji labarin, kuma Allah ya yafe mini, ban gyara masa ba.

A cikin wannan hali na haɗu da Sa'adatu, a bikin wani abokina a ƙauyensu da ke kusa da Tiga, ta ɓangaren Bebeji. Ba zan cika ku da bayaninta ba, ku dai sani cewa ina sonta son da ya sa na fara goge takalmi. Ita ma ta amince, amma tun farko ta ja mini kunne. Ta ce mahaifinta, Malam Hudu, mutum ne mai sanyi, maganar aurenta tana hannun wansa, Baffa Isiyaku. "In Baffa ya ce a'a," in ji ta, "Baba ko tari ba zai yi ba."

Na shirya na je gaishe da Baffa. Dogon tsoho ne siriri mai farin gemu, yana noman rani yana kuma limancin ƙaramin masallacin unguwarsu. Na durƙusa a gefen tabarma na kwashi gaisuwa, ina jiran ya tambaye ni asalina da sana'ata. Bai tambaya ba. Ya ce daga Tudun Wada nake? Na ce e. Ya ce to, ai shinkafar yanzu ba shinkafa ba ce, shinkafa tana tsohon gari. Su mutanen garin da ruwa ya ci ne lokacin da aka yi dam, aka taso su aka zaunar a nan. Daga nan fa aka kama hanya. Mangwaron tsohon gari, guda ɗaya sai mutum biyu su ci su rage. Rijiyar masallacin tsohon gari, ruwanta ya fi na randa sanyi. Jakin mahaifinsu, Ɗan Duna, yana zuwa kasuwa shi kaɗai ya dawo. Yana yi yana ɗaga yatsa ɗaya, kowace jimla kuma sai ya rufe ta da "kai dai bari, yaro." Awa biyu ina durƙushe. Ƙafata ta mutu, ta farfaɗo, ta sake mutuwa. Da zan tashi ya ce, "To, mun ji. Za mu yi bincike."

Bayan kamar mako uku, wata Talata, na dawo daga shan koko na tarar da buhu biyu na shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, a bakin inji, an rubuta Isiyaku a jikinsu. Ɗan'azumi ya shafa haɓarsa ya nuna tsawon gemu, ya ɗaga hannu sama ya nuna tsawon mutum, sannan ya nuna hanyar kasuwa. Na gane: Baffa ne ya kawo, ya shiga gari, zai dawo. Mai hankali zai tsaya ya tambayi kansa injuna nawa tsohon nan ya wuce a hanya kafin ya iso namu, kuma me ya kawo shi. Ni abin da ya zo mini shi ne, yau kotu ta samu babbar shari'a.

Aka casa shinkafar, buhun farko ya cika, na jawo shi lunguna. A lungun nawa kuwa, bayana ne yake kallon ƙofa. Na gyara tsayuwa, na soka basilla.

"Malam Isiyaku," na ce da ƙarfi, "ana tuhumarka da kashe ƙafar wani bawan Allah har sau biyu a zama ɗaya. Me za ka ce?"

Na ɗaga yatsa ɗaya, na shaƙe murya irin tasa. "Allah ya gafarta Malam, ai ƙafar yanzu ba ƙafa ba ce. Ƙafa tana tsohon gari. A can mutum sai ya durƙusa tun Asabar har Laraba bai ji komai ba. Kai dai bari, yaro."

Abin ya yi mini daɗi har na rage saurin ɗinki don kada shari'ar ta ƙare da wuri. Na kira mangwaro ya ba da shaida. Na kira rijiyar masallaci. Na kira Ɗan Duna, na tambaye shi ko gaskiya ne shi kaɗai yake zuwa kasuwa, ya ce ƙwarai kuwa, har ciniki yake yi ya nemi ragi.

Abin da ban sani ba shi ne, tun ina kan mangwaro Baffa ya dawo, tare da Alhaji mai injin. Shi kuma Ɗan'azumi, mutumin kirki mai tarbiyya, ya ga ba zai yiwu dattijo kamar wannan ya yi sallama a amsa masa da yatsu ba. Sai ya kashe inji don a gaisa yadda ya kamata. Za ku ce yaya aka yi ban ji an kashe ba? Duk wanda ya taɓa aiki a injin casa ya sani, ƙarar tana zama a cikin kai ko bayan an kashe. Ga auduga, ga ƙyalle, ga injin maƙwabta yana ta nasa a can nesa. Ni dai a wurina duniya tana nan yadda na bar ta.

Na ji an watso mini ɓuntu a ƙeya. Ɗan'azumi ne yake ƙoƙarin ceto na. Ko waiwayawa ban yi ba, na buga buhu na ce, "Kotu ba ta son hayaniya. A fitar da mai jifa." Sannan na koma kan wanda ake tuhuma. "Malam Isiyaku, tambaya ta ƙarshe. Tunda komai yana tsohon gari, me ya hana ka koyi iyo ka koma?"

A nan ne na ji an taɓa kafaɗata da sanda, a hankali, sau biyu.

Na juya. Baffa ne a tsaye, taku biyu tsakaninmu. Alhaji yana gefensa ya ƙura wa rufin kwano ido kamar yau ya fara ganinsa. Ɗan'azumi ya ɗora hannu biyu a ka. A bakin ƙofa mata uku masu jiran layi sun toshe baki da mayafi, kafaɗunsu suna rawa, kuma ɗaya daga cikinsu Hajiya Tabawa ce. Na zare audugar kunnen dama. Shiru. Har kukan wata kaza na ji a bayan katanga.

Na zube ƙasa, basilla a hannu. "Baffa, barka da... an zo lafiya... ya hanya..."

"Lafiya lau, Alƙali," in ji shi. "Sannu da aiki. Ƙarasa mana, ai ba a bar shari'a a tsakiya."

"Baffa, ku yi mini rai. Wallahi wasa ne, aikin ne yake..."

"Na ji tambayarka," ya ce, ba tare da ya ɗaga murya ba. "Ka ce me ya hana ni komawa. Da ana komawa da na koma. Mahaifiyata tana kwance a ƙarƙashin ruwan nan, da ƙannena biyu. Kai in ka so ziyartar kaburburan naka, ka san inda za ka je ka tsaya. Ni sai dai in tsaya a bakin ruwa in yi ta nuni da sanda. To ƙafa ba ta zuwa, shi ya sa baki yake zuwa."

Matan bakin ƙofa suka daina dariya. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage a lokacin da na gode mata. Kunyar farko ta wanda aka kama ce, wannan ta biyun ta wanda ya gane abin da ya yi ce, kuma ta fi ciwo nesa ba kusa ba. Na ji na tsani bakina.

"Tashi ka ɗinke mini buhuna," in ji shi.

Na tashi na ƙarasa ɗinkin, har na soki babban yatsana. Ya sa aka kwantar da buhun, ya bi ɗinkin da yatsa daga wannan kunne zuwa wancan, ya yi sallama da Alhaji da Ɗan'azumi, ya fita. Ni ko kallona bai yi ba. Da ƙurarsa ta lafa, Ɗan'azumi ya matso kusa da ni, a karon farko ya yi mini magana da baki. "Ashe duk watannin nan ba zikiri kake yi ba?" Hajiya Tabawa kuma ta ce tana so ta san ko ita ma an taɓa kawo ta wannan kotu. Na rantse mata da abin da ba zan maimaita a nan ba.

Kwana tara ban ji komai ba. Na riga na yi wa auren jana'iza a raina. Buhuna suna zuwa ina ɗinke su shiru, ba tuhuma ba shaida, yini ya koma shekara. A rana ta goma Sa'adatu ta kira ni a waya. "Wai me ka yi wa Baffa? Tunda ya dawo daga Tudun Wada bai ce komai ba, sai jiya ya ce ka zo Juma'a bayan masallaci, kai da wani babba naka." Na ce mata doguwar magana ce. Ta ce ita ma ta ga alama.

A hanya na gaya wa Kawu Sale gaskiya. Ya tsayar da babur a gefen titi, ya juyo ya dube ni, ya ce, "Na kai ka inda ba a jin magana, can ma sai da ka san yadda ka yi aka ji ka." Ya tayar da babur muka ci gaba da tafiya.

A zauren akwai Baffa, da Malam Hudu, da wasu ƙannensu biyu. Aka gaisa, aka sake gaisawa. Kawu ya fara ba da haƙuri, Baffa ya ɗaga masa hannu.

"Malam Sale, dakata. Yaro, tashi tsaye. Shari'ar da ka yi mini, maimaita ta a nan, daga farko. Kada ka rage komai sai tambayar ƙarshe, ita mun gama da ita."

Na dubi Kawu, Kawu ya dubi tabarma. Na miƙe. Ba inji, ba auduga, ba buhu, ga dattawa biyar sun zuba mini ido. Na fara da muryar da ko ni ban ji ta ba. Baffa ya ce in ɗaga, ai a can ba haka na yi ba. Na ɗaga. Na ɗaga yatsa. Da na iso "ƙafa tana tsohon gari," sai na ji wani sauti daga kusurwa kamar ana tsiyaya ruwa daga buta. Malam Hudu ne, mutumin da aka ce ko tari ba ya yi a gaban wansa, ya cusa fuska cikin babbar riga yana shessheƙa. Da Ɗan Duna ya nemi ragi a kasuwa, ƙannen biyu ma suka bi shi, ɗaya har da faɗuwa jikin bango. Baffa bai yi dariya ba, amma na ga gemunsa yana motsi.

Da aka natsu, ya gyara zama. "An ce mini yaron nan mai zikiri ne. Na je na gani da idona, ba zikiri ba ne. Bakinsa yana gaba, hankalinsa yana biye da shi a guje. Wannan aibi ne, kuma ya ji a jikinsa." Ya juya ga ƙannensa. "Amma na daɗe a bayansa, hannunsa bai tsaya ba, ɗinkinsa bai karkace ba. Sannan sau ɗaya tak na ba shi labarin garinmu, ya riƙe shi kaf, har sunan jaki. Ku da kuke dariya, 'ya'yanku wa ya san sunan jakin nan? Da na fara magana sai su tuna ana kiransu a waje."

Malam Hudu ya goge ido, kuma ban tabbata duk hawayen na dariya ba ne.

"Malam Sale, ku turo a yi magana. Kai kuma, Alƙali, ga naka hukuncin. Tunda kanka yana riƙewa, duk Juma'ar da ka samu hali za ka zo ka zauna in ba ka sauran. Ka zo da littafi da biro. In na mutu, kada garin ya sake nutsewa."

Haka aka yi. An ɗaura aurena da Sa'adatu, Baffa ne waliyyi, kuma har a wurin ɗaurin auren da Alƙali ya kira ni, a gaban abokaina, sunan da ya bi ni har yau. Na cika littafi biyu da rabi da tsohon gari. Na san gidan wa ke kusa da na wa, na san wanda ya dasa kowace kuka, a garin da ban taɓa gani ba kuma ba zan gani ba.

Kotu ba ta rufe ba, kada in yi muku ƙarya. Aikin da ya kama hannu ya bar kai a sake, dole ka samo wa kan abin yi, in ba haka ba ya lalace. Sai dai na koyi cewa kai kamar akuya yake, ka sake ta ta yi kiwo, amma ka riƙa duba gonar wa ta shiga. Na kuma koyi cewa in tsoho yana maimaita labari ɗaya, gara ka tambayi dalili kafin ka kwaikwayi muryarsa. Ni da na tsallake tambayar, ga shi shekara shida ina zaman hukunci a kan tabarma. Wannan Juma'ar ma ina da zama, kuma an riga an aiko mini cewa rijiyar masallacin tsohon gari za mu sake haƙawa da baki.